Rakiyar Sitiroberi daga Tsafe zuwa Bungudu

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar Sabon Garin Gusau. Aminina Malam Isa ne ya kira ni in raka shi kai sitiroberinsa na farko, wani jan ɗan itace na Turawa, wurin wata Hajiya mai yin kek a Bungudu. Ta ce in ya cika mata kilo biyar, duk mako za ta saya. In ba haka ba, ya rantse zai kwance rumfar da yake noma shi a ciki ya koma noman gero.

Tsafe, ƙarfe bakwai

Rumfar leda ce, babu ƙasa ko cokali ɗaya. Shukokin na cikin bututu, famfon sola na zagaya musu da ruwan taki. Bijimai biyu ya sayar ya kafa ta. Ya yi mini lissafin iri da taki da gyaran famfo, na gane ƙwaya ɗaya ta fi ƙwan kaza tsada. Muka auna kilo biyar cif, na rungumi kwandon a gaban motar haya.

Hanya

Direba ne ya fara leƙowa: "Malam, wanga wane irin tumatir na?" A wajenmu kuwa ba a hana mutum ɗanɗana sabon amfanin gona. Isa ya miƙa masa ɗaya, direban ya ce da tsami, a ƙara masa ya tabbatar. Fasinja takwas suka tabbatar. A shinge biyu an sa albarka, an tabbatar. Ni dai ina taya su ne don kada a ce ina ƙyamar kayan aminina.

Bungudu, sha ɗaya saura kwata

Sikelin Hajiya ya nuna kilo uku da ɗan ɗoriya. Isa ya tsuguna, wallahi sai da tausayinsa ya kama ni. Hajiya ta ɗanɗana ɗaya, ta nemi gyara, sannan ta tsaya tana kallon jan da ya ɓata gaban farar rigata.

"Kayanka na da kyau, Malam Isa," in ji ta. "Ka kawo mako mai zuwa. Amma ka liƙe kwandon, kuma ka taho kai ɗaya."

Na iso gida bayan la'asar. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Isa da har yanzu yake amsa sallamata.