"Ta" Guda Ɗaya a Gonar Citta

Bayan na bar karanta labarai a rediyo, na yi shekaru ina tafinta a wata kotu a Kafanchan. Aikin duk ɗaya ne: abin da aka faɗa shi za ka faɗa, ba ƙarin gishiri.

Shari'ar da ta ƙi barina ita ce ta wani manomin citta daga wajen Godogodo. An tsinci gawar maƙwabcinsa a gona da saran adda, kuma kowa ya san suna rikicin iyaka. Idan laifin ya tabbata, rataya ce.

Lauyansa ya kawo shaida guda, wata tsohuwa mai gona a kusa. Hausarta irin ta yankin ce, komai "ya": uwarta ya rasu, akuyarta ya ɓata. Da aka tambaye ta abin da ta ga ya faru da mamacin ran nan, sai ta waiwaya ta dubi bencin baya, inda matan zumuntar coci suke zaune cikin zane iri ɗaya.

"Ta kira shi daga cikin citta," in ji ta. "Ya bi."

"Mama, wa ya kira shi?" in ji alƙali.

"Yallaɓai, ban ga fuska ba. Kai ma da kana wurin, ba za ka tsaya gani ba."

Aka ɗan yi dariya. Ita ba ta yi ba. Na juya maganar zuwa Turanci yadda ta zo: mace ce ta yi kiran. Kafin ranar jawabin ƙarshe, tsohuwar ta rasu. An ce zazzaɓi ne.

A kan wannan "ta" lauyan manomin ya ɗora jawabinsa duka. Amma bisa ƙa'idar da ake bi, tun da ya kira shaida, lauyan gwamnati yana da haƙƙin mayar da martani, kuma daga martanin sai hukunci.

Lauyan gwamnatin ya miƙe da takardar shaidar a hannu.

"Ya Mai Shari'a, matar nan ta ce uwarta ya rasu. Bakin da bai raba mace da namiji ba, a kan 'ta' ɗinsa za a saki mutum?"

Ni na mayar wa manomin da wannan cikin Hausa, dab da kunnensa.

"Malam tafinta, ba za a sake tambayarsa ba?" Tsohuwar yake nufi.

"Ta rasu, baba."

"To a tambaye ka mana. Ba kai ya ji ba?"

Tafinta ba shaida ba ne, kuma an riga an rufe jin shaida. Sai dai na san abin da ba a faɗa ba. Kuskuren nan hanya ɗaya yake bi. Mutanen yankin suna mayar da mace "ya", amma ban taɓa jin wanda ya mayar da namiji "ta" ba. Tsohuwar ta yi wuni tana magana, sau ɗaya tak ta ce "ta". Wanda bai saba da kalma ba, sai da dalili yake nemo ta.

Daga baya an yanke masa hukuncin kisa. Lauyansa ya ce zai ɗaukaka ƙara. Ban san inda ta kwana ba.

Amma ranar martanin, lauyan gwamnati yana zama, sai mace ɗaya ta tashi daga bencin baya. Ta gyara ɗaurin zane, ta fita ba sauri, tun alƙali bai tashi ba. Sauran matan ba wadda ta ɗaga kai. Kallabinta ya sauko sosai. Ni ma ban ga fuska ba.