Cizon Sauro da Hannun Inna

Ni mace ce mai saurin firgita a kan 'ya'ya, kuma mai saurin baki, har gobe ban rabu da halayen nan biyu ba. A Wurno aka haife ni, gidan malamai, inda ko tari yaro ya yi sai an tofa masa addu'a an kuma aika kemis. Da aure ya kai ni wani ƙauye kusa da Goronyo, can gefen fadama, na tafi da 'yar takardata ta sakandare ina ji da kaina, ina ganin babu abin da za a koya mini a kan rainon yaro. Ashe ko sauro ban sani ba. Na Wurno ma ba kanwar lasa ba ne, amma na bakin madatsar ruwan Goronyo, idan damina ta ja baya ruwa ya kwanta a ramuka da gonakin shinkafa, ba ya ma jiran a kira magariba. Kina tuƙa tuwo yana cin ƙafarki.

Uwar mijina, wadda kowa ke ce wa Inna, ta rasa ganinta tun kafin in zo gidan. Yanar ido ce ta rufe mata gani a hankali, har ya zama haske da duhu kawai take bambantawa. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana. Kullum tana ƙofar ɗakinta bisa tabarma, kuma ban taɓa ganin hannunta a zaune ba: ko tana ɓarar wake, ko tana tsince tsakuwa a shinkafa da yatsu, ko tana jan carbi. Da takun ƙafa take gane mai shigowa. Ina tsaye a gaban murhu da idona biyu, sai in ji ta daga can ta ce tuwona ya kama. In duba, ya kama ɗin. Wallahi a farkon zuwana abin haushi yake ba ni.

Tana da wata al'ada. Kowace safiya idan yaran gidan sun zo gaishe ta, sai ta jawo kowanne, ta ɗora masa bayan hannunta a wuya, ta shafa cikinsa, ta tambaye shi mi ya ci. Ni na ɗauka tsufa ne da rashin aikin yi, har nakan yi dariya a raina.

'Ya'yana biyu ne a lokacin. Babbar mace ce, shekararta biyar, ƙaramin namiji, ya ɗan wuce biyu. Babbar ni ta ɗauko a fata. Sauro ɗaya ya cije ta, wurin zai tashi kamar ƙosai, ta sosa har sai ya yi jini, ta yi ta tsala kuka har maƙwabta su leƙo ta katanga. Shi kuwa ƙaramin baƙi ne wuluk irin ubansa, ban taɓa ganin tabon cizo a jikinsa ba. Da bakina nake faɗa wa mata cewa wannan sauro ba ya son jininsa. Saboda haka duk hankalina a kan yarinyar yake: yanke farce, shafa mai, dogon wando tun la'asar. Gidan sauro muna da shi, muna kuma ɗaurawa, amma wa zai tsare yaro a ɗaki da magariba alhali 'yan uwansa na guje-guje a tsakar gida? Inna takan tsokane ni, wai ni ko kunyar 'yar fari ba ni da ita, ina lallaɓa ta a gaban mutane kamar ƙwai. In ce mata mu 'yan boko ba mu san wannan ba, ta yi murmushi ta ci gaba da ɓarar wakenta.

Tsakaninta da ƙaramin kuwa wasan jika da kaka ne. Maigidana take ce masa. Da gari ya waye zai taho da gudu ya faɗa mata a jiki, ya kama ludayin kununta, ya fizge carbinta ya ruga. Ita kuma ta yi ta mita, wai wane irin miji ne wannan da ba ya kawowa sai dai ya cinye.

Ranar da nake son ba da labarinta, lokacin kaka ne, an gama yankan gero. Mijina ya fita tun da asuba zuwa fadama, ana dashen albasa. Yarinyar ta tashi da ido ɗaya a rufe ruf, sauro ya cije ta a fatar idon, ya kumbura suntum. Na ce shi ke nan, idon ya tafi. Kuma ba zan ɓoye ba, gidan da ake da makauniya, tsoron ciwon ido ya fi na ko'ina. Nan da nan na yi mata wanka, na sa mata kaya, na ce asibitin Goronyo za mu. Ƙaramin zan bar wa Inna.

Shi ɗin kwana biyu ke nan jikinsa na ɗumi. Na ce haƙori ne, don na ga yana tura yatsa a baki. Na ba shi ragowar maganin zazzaɓi na ruwa da ke ɗaki, ya yi zufa, ya tashi ya ɗan yi wasa, na ce ai ka gani. A safiyar nan bai yi rigima ba ko kaɗan, inda na ajiye shi nan ya zauna. Har albarka na sa masa, na ce yau ya san uwarsa na cikin damuwa.

Inna ta ce in miƙo mata yarinyar tukuna. Ta lalubi idon a hankali da yatsa, ta tambaye ta zafi yake yi ko ƙaiƙayi. Yarinyar ta ce ƙaiƙayi. Inna ta tambaya ko ta karya, na ce ta shanye kokonta har da ƙosai ukku, tana kuka tana ci. Inna ta ce a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa a riƙa ɗora mata, a hana ta sosa, zai saɓe. In ya ƙara ja, ya ɗauki zafi, ko jikinta ya yi ɗumi, to sai a kai ta. Ina jin ta ne kawai, mayafina na kafaɗa. Na ɗauko ƙaramin na dire mata a cinya, na juya zan wuce.

Ta ce in dakata. Ta ɗora hannunta a wuyansa. Ta mayar da shi ƙirjinsa, ta sunkuyar da kai tana sauraren numfashinsa. Ta kai masa ludayin kunu baki, ya kau da kai. Ta sa masa carbi a hannu, ya sulale ya faɗi bisa tabarma bai ko bi shi da ido ba. Sai ta ce in buɗe tafin hannunsa in faɗa mata launinsa, in kuma ja fatar idonsa ta ƙasa in duba. Na duba a gaggauce, na ce da ɗan fari-fari. Ta tambaye ni yaushe rabonsa da fitsari. Na ce ban lura ba.

"Aje wagga," in ji ta. "Ɗauki wanga ki kai shi asibiti, yanzu."

Raina ya ɓaci. Ga yarinya na ihu ido a rufe, ga wanda ke kwance lafiya lau ba ko ƙurji ɗaya a jikinsa, a ce shi za a kai? Bakin nan nawa ya riga hankalina.

Na ce, "Inna, don ba ki ga idonta ba ne."

Kafin in rufe baki na san na yi ɓarna. Matar ƙanen mijina da ke wanke-wanke a gefe ta tsaya cak da kwano a hannu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Inna ba ta ɗaga murya ba, fuskarta ma ba ta sake ba.

"Gaskiya ta, ɗiyata, ban gani ba. Amma mai kuka tana cin ƙosai ba ta kai inda nike tsoro ba. Wanga da ya yi shiru, shi nike tsoro."

Ta laluba bayan ƙofa ta jawo sandarta, ta ce a miƙo mata zane. Ta yunƙura ta tashi, ta sunkuya, tana ƙoƙarin saɓa yaron a bayanta. Matar da tun zuwana gidan ban ga ta wuce zaure ba sai in rasuwa aka yi a dangi, ita ce za ta goya yaro ta kama hanyar Goronyo da sanda. Kuma na san ba barazana take yi ba, tafiya za ta yi. Na karɓe shi daga hannunta. Da na goya shi na ji kansa ya langaɓe a bayana, zafin jikinsa ya ratsa rigata. Ai kuwa ko takalmi ban tsaya zaɓa ba. Maƙwabcinmu mai babur ya ɗauke mu, yarinyar na bar ta wurin Inna tana ta kukanta.

A hanya ya yi amai sau biyu. Mun tarar da layi a asibiti, amma wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa mai tabarau, tana wucewa ta kalli yadda kansa ke lilo, ta fizgo ni daga layin ba ko sallama. Aka soki yatsansa aka ɗauki jini. Muna jiran sakamako sai jikinsa ya sandare, idanunsa suka kafe sama, ya fara jijjiga. Na kurma salati, na kai hannu zan tura masa yatsa a baki kamar yadda na ga ana yi. Ta buge mini hannu, ta kwantar da shi a gefensa, ta kira abokan aikinta. Aka yi masa allura, aka ɗaura ruwa. Zazzaɓin cizon sauro ne, mai tsanani, kuma jininsa ya yi ƙasa sosai. Aka aika fadama, mijina ya iso da laka har gwiwa, a jikinsa aka ɗebi jinin da aka ƙara wa yaron.

Da abin ya lafa, ina zaune bakin gado, na ce wa ma'aikaciyar ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne yaron nan sauro ba ya cizonsa. Ta kalle ni ta saman tabarau kamar ta make ni. Ta ce babu ɗan da sauro ke ƙyalewa, fata ce kawai wata ke nunawa wata ba ta nunawa. Cizon da ya kawo wannan ciwon ya yi mako ko fiye, ko da ya bar tabo da tuni ya ɓace. Kumburi da ƙaiƙayi, in ji ta, yawanci hayaniya ce kawai, sai fa in wurin ya yi ruwa, ko jan yana yaɗuwa, ko yaro na numfashi da ƙyar. Amma zafin jiki a wannan yanki namu, a kawo yaro a gwada jininsa a ranar, kada a tsaya cewa haƙori ne ko ciwon shawara. In kuwa ya ƙi ci ya ƙi sha, ko yana amayar da komi, ko ya yi laushi ba ya kula kowa, to ko tuwo ne a wuta a bar shi. Ta tambaye ni wa ya ce in kawo shi. Na ce kakarsa. Ta ce in gaishe ta da kyau, don da na kai la'asar da wani zancen ake yi.

Kwananmu ukku. A rana ta biyu ya buɗe ido ya nemi ruwa, na yi kuka har mijina ya ce in fita waje ina tsorata marasa lafiya. Shi ne ya kawo mini labarin yarinyar: ido ya saɓe tun washegari, da tsumma da ruwan randa kawai, har an gan ta tana faɗa da 'yan uwanta a kan rake.

Hanyar komawa gida ta yi mini tsawo, don ban san da wane ido zan kalli Inna ba. A gidanmu na Wurno, da wata ta faɗa wa uwar mijinta abin da na faɗa, da sai an tara manya. Mun iso da hantsi, tana inda take zama. Tun daga zaure ta gane tafiyata, ta miƙo hannu biyu. Na ba ta yaron, na durƙusa a gabanta, na ce ta yafe mini maganar da na yi. Ta ce wace magana, ita ba ta riƙe komi ba, uwa in ta firgita ba a kama ta da laifin baki. Wannan ya fi mini zafi a kan ta zage ni. Na ce to ta faɗa mini yadda aka yi ta sani, ni da nake kwana da shi ban sani ba.

Sai ta ce kafin mijina ta haifi wani ɗa namiji. Ban taɓa jin zancensa ba, ko a bakin mijina. Ta ce kamar wannan yake a girma, kuma lokacin kaka ne irin wannan, aiki ya yi mata yawa, ga sussuka ga abincin masu aikin gona. Jikinsa ya yi ɗumi, aka ce haƙori ne. Ta shimfiɗa masa zane a inuwar rumbu, ya kwanta bai yi rigima ba, ita kuwa har daɗi ta ji ta samu ta gama aikinta. Washegari kafin azahar aka kai shi makwancinsa.

Ta gyara wa yaron kwanciya a cinyarta, muryarta ba ta ko girgiza ba.

"Sa'annan idanuna biyu garau suke, ɗiyata. Allura nike zura ma zare da magariba. Na bi ta gabanai ya fi sau goma, ina kallo nai, ina cewa kwana shike yi."