Malam Sada Nas, wanda ya zaɓa mini hanya

Da safen nan ina sa hijabi zan tafi aiki ƙanena ya bugo waya daga Funtua: Malam Sada Nas ya rasu.

Na zauna bakin gado, na kasa ɗaura takalmi. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tsohon nas ne, ya yi shekaru a sashen masu taɓin hankali. Da ya yi ritaya sai ya buɗe ɗan kemis a Funtua. Can na fara ganinsa, lokacin da Innarmu ta rikice bayan haihuwar autanmu. A garinmu Maska kowa cewa yake iska ce. Shi ya ce a kai ta asibiti, ya rubuta mana takarda. Ta samu sauƙi, har yau tana nan.

Da na gama sakandare na ce masa aikin nan nake so: lafiyar ƙwaƙwalwa da kula da jama'a. Na nuna masa kwaleji biyu. Ɗaya a waya na gan ta, gini sabo fil, har da hoton ɗalibai cikin fararen kaya. Ɗayar tsohuwa ce, jikin wani asibiti. Ni dai sabuwar ta tafi da ni.

Ya ce, "Hadiza, ba fenti za ki karanta ba. Je ki tambaye su ko hukuma ta amince da kwas ɗin, kuma ina ɗalibansu ke zuwa ganin marasa lafiya."

Muka je sabuwar da yayana. Aka yi ta yi mana kwana-kwana, wai takardar amincewa tana hanya. Sai na zaɓi tsohuwar. Waɗanda suka shiga sabuwar a shekarar, har yau wasunsu ba su da lasisin aiki.

Saura Baba. Ya ce atafau, mai zama da mahaukata shi ma wata rana taɓuwa zai yi, in je in karanta ungozoma. Malam Sada ya hau acaɓa har Maska, ana tsakiyar girbin masara, ya same shi a gona. Abin da Baba ya faɗa mana daga baya shi ne, Malam Sada ya ce masa, "Alhaji, dube ni da kyau. Ka ga alamar na taɓu?" Baba ya yi dariya, ya sa hannu a fom.

Ina makaranta yakan kira ni, ba don komai ba sai ya ji ko na ci abinci.

Ganinmu na ƙarshe sati uku ke nan. Yana zaune kan benci ƙofar kemis, ƙafafunsa sun kumbura. Na yi masa faɗa kan shan magani, ya ce, "To, likita." Sai ya ba ni lambar wata yarinya 'yar garin Ƙarfi mai neman shawara kan kwaleji. Ya ce, "Ni na tsufa, yanzu ke kika san makarantun."

Ban kira ta ba tukuna. Yau zan kira.

Allah Ya jiƙan Malam Sada, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ya sa shi a addu'a.