Kaka Ce Ta Tsare Ni

Gaisuwa ga edita da masu karatu. Ni tsoho ne yanzu, mutumin Matameye, kuma abin da zan ba ku labarinsa ya same ni ne tun ina saurayi, gemu bai gama tsiro ba, zamanin da Nasara bai daɗe da kafa mulkinsa a ƙasarmu ba. A lokacin ni ɗalibi ne a babbar lakwal, wato makarantar boko, ta Damagaram, inda muke kwana muke tashi, ba ma ganin gida sai bakansi, wato hutun damina. Ina da ƙwaƙwalwa, ba yabon kai ba, kuma ina da zuciya, wadda har yau ba ta sake ni ba. Ba zan kama sunan kowa ba. Ba don sun cancanci a rufa musu asiri ba, sai don jikokinsu suna nan da rai kuma ba su yi mini komai ba.

Uwata ta rasu ina goye, ubana ya bi ta tun ban yi wayo ba, sai kakata ta wajen uba ta rene ni a gidan baffana. Duk unguwa Kaka ake ce mata, yaro da babba, har sunanta na yanka ya ɓace. Da aka zo ɗibar yaran lakwal, masu gari suka ɓoye nasu a rumbu da rugar Fulani, aka nuna ni maraya. Kaka ta bi dokin gardi, wato dogarin Nasara, har bayan gari tana zazzaga masa zagin da bai taɓa jin irinsa ba. Amma da shekaru suka tafi, ita ce ta fi kowa son karatun. In na zo hutu sai ta zaunar da ni gindin turmi, ta ce angonta ya yi mata yaren aljanun nan ta ji, ina yi tana dariya har da hawaye, ni kuma in ce amaryar da ba ta da haƙori ba ta isa ta yi mini dariya ba. Takan ce tunda da ƙarfi suka ɗauke ni, to in kwashe duk abin da ke cikin kansu, kada in kuskura in dawo mata da rabi.

Ina da aboki ɗan garin Tsauni, ajinmu ɗaya, ɗakin kwananmu ɗaya. Duk ƙarshen hutu gidanmu yake sauka ya kwana, washegari mu kama hanyar Damagaram tare. Kaka ba ta taɓa bambanta mu ba. In ta ƙulle mini dakuwa da garin fura, sai ta ƙulle masa daidai nawa, har takan ce shi ne ƙaramin angon. A aji kuwa kullum ina gabansa, yana bi mini, kuma ban taɓa kawo wa raina cewa abin yana ci masa tuwo a ƙwarya ba. Shekarar da nake magana ita ce tamu ta ƙarshe. A ƙarshenta za a zaɓi 'yan kaɗan a tura su gaba su koyi aikin likita ko malanta, kuma kowa ya san daga yankinmu mutum ɗaya za a ɗauka. Kafin a sallame mu hutu, darakta, shugaban lakwal ɗin, wani Bature mai jan wuya, ya tara mu ya yi kashedi. Su Nasara sun ajiye ranar komawa lakwal daidai lokacin da gero ke nuna, don haka kowace shekara iyaye kan riƙe 'ya'yansu su gama girbi. Ya rantse bana duk wanda girbi ya tsare ya kori kansa, ba zai saurari roƙon kowa ba. Ciwo ko rasuwa a gida kaɗai zai karɓa.

Damina ta yi kyau a shekarar, na yi noma da baffana har hannuwana suka yi kanta. Ruwa na ɗaukewa, gero ya sunkuyar da kai, sai Kaka ta kwanta. Tun tana cewa zazzaɓin sabon hatsi ne, har ta kai ko kunu ba ya zama a cikinta. Ana haka gardi ya iso daga Damagaram don tattara 'yan lakwal, abokina ma ya iso daga Tsauni da 'yar jakarsa. Ya shiga ɗakin ya gan ta da idonsa, ta zama ƙashi da fata. Da ta ji muryarsa ta sa aka jingina ta da bango, ta yi masa wasan da ta saba, ta sa matar baffana ta ɗauko guzurin da ta ce a daka mana, ta miƙa masa nasa da hannunta. Sannan ta juyo ta ce in tashi in bi su, ita ba inda za ta. Na duba idonta na san ba gaskiya ba ne. Na fito na sami gardin a ƙofar gida yana ɗaure sirdi, na ce ya gaya wa darakta Kaka ce ta tsare ni, ina nan tafe da zarar hali ya yi. Gardin mutumin kirki ne, ya maimaita maganar don kada ya manta, ya yi mini fatan sauƙi. Abokina yana tsaye a gefe, ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu, shi ma zai yi bayani.

Kaka ba ta ƙara mako ba. Da hantsi ta cika, kanta a kan cinyata. Ni na shiga ramin na yi haƙa da hannuna, na hana a karɓe ni, har tafina ya yi bororo ya fashe a kan kantar noma. Na zauna aka yi sadakar bakwai, kuma ko zangarniya ɗaya ban yanka ba a kwanakin nan, Allah shi ne shaida. Washegari na ɗauki ragowar dakuwar da ta sa aka yi mini na kama hanya a ƙasa. Ina tafe ina kuka, amma hankalina kwance yake ta wajen lakwal, don na san doka tana tare da ni.

Ina shiga harabar na ga yara suna kau da kai. Ko jakata ban ajiye ba aka kai ni gaban darakta. Na gaishe shi da Faransanci, na gaya masa kakata ce ta rasu. Sai ya yi wata 'yar dariya, ya ce ashe labari ya canza a hanya. Ya ce ranar da gardi ya kawo saƙona, da yake gardin ba ya jin Faransanci, sai ya kira ɗan yankinmu, wato abokina, ya fassara, kuma abin da aka gaya masa shi ne girbi ya tsare ni. Nan take na gane. Ku Hausawa kun sani, kaka uwar uba, kaka lokacin girbi, baki ɗaya ake faɗarsu, ba abin da ya raba su sai sanin mai ji. Gardi ya faɗi maganata yadda na ba shi, bai ƙara ba bai rage ba. Wanda aka ba amanar juya ta shi ya tsaya a mararraba, ya ga hanya biyu, ya zaɓi wadda za ta kashe ni. Darakta ya kama hannuwana ya juya tafin sama kamar mai sayen akuya, ya ga kanta da sabon miki, ya ce ga shaida nan. Ciwon haƙa kabarin kakata shi ya zama shaidar girbi.

Na roƙa a kira gardin, aka ce an tura shi rangadi arewa. Na roƙa a kira abokina, aka kira shi. Ya shigo fes da shi cikin sabon kaki, bai dube ni ba. Ya ce shi abin da gardi ya faɗa ya fassara, kalmar kuwa girbi take nufi, kowa ya sani. Darakta ya tambaye shi ko ya ga wata tsohuwa a bakin mutuwa a gidanmu. Ya ce ya ga tsohuwa, amma a zaune ya same ta, ta yi masa wasa, har guzuri ta ba shi da hannunta. Wallahi ko ƙarya ɗaya bai yi ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai har gobe. Ƙarfin halin da baiwar Allah ta yi don ta sallame shi da mutunci, shi ya ɗauka ya soke jikanta da shi. Ban san sa'ad da Faransancin ya gudu daga bakina ba. Na hau shi da Hausa, na tambaye shi dakuwar wa ya ci a hanya, ta girbi ko ta Kaka, na ci kwalarsa na haɗa shi da bango. A lakwal ɗin nan ko a fili aka ji ka da Hausa sai an hore ka, balle a ofishin darakta, balle da dambe. Da ma neman dalili ake yi, na ba su da hannuna. Kafin azahar an karɓe kakina da bargo da littattafai, an raka ni bakin ƙofa.

Na dawo Matameye ana ɗaurin dammunan gero. Ba wanda ya fahimci abin da ya faru, wasu suka ce sata na yi, wasu suka ce karatun Nasara ne ya taɓa mini kai. Baffana ya miƙo mini igiya muka ci gaba da ɗauri. Abin da ya fi mini ciwo shi ne wucewa ta maƙabarta. Kaka ta ce kada in dawo mata da rabi, ga shi rabin na kawo. Na yi shekaru ina noma, daga baya na sami aikin awon gyaɗa a kantin wani Bature, inda ɗan Faransancin da ya rage mini ya ƙare a kiran nauyin buhu. Abokina kuwa an zaɓe shi, ya tafi, ya dawo babban ma'aikaci, ana yi masa fadanci.

Sau ɗaya muka sake haɗuwa. Ranar kasuwa ce, bayan an yi shekaru masu yawa, mu duka furfura ta fara fito mana, kuma sabon gero ya cika kasuwa. Ya sauko daga mota ana biye da shi, ya hange ni bakin sikeli, ya taho da fara'a yana miƙo hannu. Ya gaishe ni yadda ake gaida kowa a wannan lokaci na shekara, ya tambaye ni gida, ya tambaye ni iyali, ya tambaye ni yaya kaka. Ban karɓi hannun ba. Na tambaye shi wacce yake nufi, tunda shi ne gwanin rarrabe su. Na ce in ta gona ce, ga ta nan a buhu, in kuwa wadda ta ba shi dakuwa ce, tana bayan gari inda na haƙa mata, zan iya raka shi ya gani ko har yanzu a zaune take. Fuskarsa ta yi toka. Ya juya ya shiga mota. Mutane suka ce na yi wa babban mutum rashin kunya. Ni dai ban ji sanyin da na zata zan ji ba, kuma bai taɓa dawowa ya ce in yafe masa ba.

Malamai sun sha gaya mini in bar wa Allah, rabona ne bai kai can ba. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta wanke azzalumi. Ban yi nadamar zama wajen Kaka ba, ko yau aka maido ni ranar zan sake zama. Abin da na koya shi ne, maganar da rayuwarka ta rataya a kanta ba a taƙaita ta. Da na ce wa gardi uwar ubana ce ba ta da lafiya, da ba wanda ya isa ya murɗa ta. Ku 'yan makaranta da ke shirin komawa yanzu da hutu ya ƙare, in za ku aika saƙo ku faɗe shi dalla-dalla, kuma ku dubi wanda zai amfana in kun faɗi kafin ku bar shi ya yi magana a madadinku. In an zalunce ku, ku riƙe hannunku, don mai neman korarku fushinku yake jira. Ku kuma da Allah ya ba harshe biyu, ake kiranku ku tsaya tsakanin mai iko da talaka, ku ji tsoron Allah, domin ana yanka mutum da gaskiya zalla. Ni dai har yau ba na iya jin kalmar nan a cikin gidana. Jikokina Iya suke ce wa matata, ni na sa, kuma ba su san dalili ba.