Yatsu Uku na Ɓawon Hano

Ko me zan manta a rayuwata, ba zan manta da ranar da na kusa kashe bishiyar hano a kan dutsen Tsafe da wuƙar yankan kuɓewar Innata ba. Ina aji biyar a firamare lokacin, kuma Allah Ya zuba mini rawar kai. In malami ya ce a kawo abu ɗaya, sai na kawo goma don kawai a ce na fi kowa.

Muna da wani malami mutumin Rawayya, siriri mai tsohon keke, wanda bai yarda a koyi tsiro a kan allo ba. Duk Alhamis ɗin ƙarshen wata sai ya jera mu biyu-biyu mu fita bayan gari mu hau dutse. Har yau in na rufe ido ina jin ɗumin dutsen nan a tafin ƙafata. Mukan leƙa kwarmin da ruwan sama ya kwanta mu ƙirga talibambam, mu kori ƙadangaru, mu ci tsada har haƙoranmu su mutu. In muka kai sama sai mu hango gonakin dawa da gero shimfiɗe, da motocin hanyar Gusau suna rarrafe kamar ƙwari. Ban taɓa son wata rana kamar yadda na so Alhamis ɗin nan ba.

A gindin dutsen akwai gidan wani tsoho mai magani, kowa Baba yake ce masa. Shi ke kula da itatuwan gefen nan tun kafin a haifi iyayenmu, kuma sai da izininsa Malam yake hawa da mu. Yakan biyo mu da sandarsa a hankali, yana nuna mana marke da ƙirya da taura. Ya sha gaya mana yadda ake sassaƙe, wato ɗibar ɓawon itace don magani: a yanki kaɗan ta gabas, kaɗan ta yamma, a shafe wurin da laka, a bar sauran. Ni kuwa duk lokacin da yake wannan bayani ina can ina rigimar tsada da ƙawayena.

Ranar da abin ya faru kaka ce, an fara yankan gero. Malam ya ce kowa ya samo ganye da ɗan ɓawo, za mu manna a kwali mu rubuta suna. Ni da ma na ɓoyo wuƙar Inna a jakata. Na zagaya bayan wani ƙaton dutse na tarar da wata bishiya mai sulɓin jiki, kaurinta bai wuce turmin daka ƙarami ba. Da na sa wuƙa sai ta shige kamar a rogo, wani ƙamshi kamar na turaren wuta ya tashi. Nan take na ƙudurta zan ciro ɓawo guda mai faɗi wanda zai rufe kwalina gaba ɗaya. Na tsaga sama, na tsaga ƙasa, na shiga zagaya bishiyar ina ɓarewa ina murna. Saura ƙiris in haɗe zagayen sai na ji an damƙe mini hannu.

"Ke! Tsaya nan!"

Baba ne. Ban san tsohon nan yana da ƙarfi haka ba. Bai doke ni ba, bai ma dube ni ba. Ya durƙusa da ƙyar ya ɗora yatsunsa a kan ɗan ɓawon da ya rage. Yatsu uku cif. Malam ya iso da gudu, sauran yara na biye.

"Malam," in ji Baba, "iccen ga ta hwatarshi yaka rayuwa. In anka zagaye shi, an yanka shi ke nan. Shi ɗai ar hanon da yar rage nan ƙasa, sauran suna can bisa inda gwiwata ba ta kai ni. Mata masu jego tun daga Ruwan Bore nan suka zuwa neman ɓawonshi." Ya ɗago kai ya ce, "In yam mutu, kada in ƙara ganin ɗan makaranta bisa dutsen ga."

Wallahi da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Ya aike ni na kwaso laka a kwarmi, na tsinto ɗanyen kashin shanu, ya sa na cuɗa su da hannuna, ni da ko tuwon jiya nake yi wa ƙyanƙyami. Ina kuka ina shafe raunin, shi kuma yana ɗaurewa da ganye da igiyar rama.

Daga ranar aka daina fita. Alhamis ta koma kamar kowace rana, allo da alli. ’Yan ajinmu suka sa mini suna Sarkin Fawa, in na shigo sai wani ya ce a ɓoye awaki. Malam bai taɓa yi mini faɗa ba, amma na sha ganinsa tsaye a taga yana kallon dutsen. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Ni kaɗai Baba ya yarda in hau. Ya ce wa Inna, "Ita tay yi ɓanna, ita za ta jinya." Duk Asabar da safe sai in ɗauki butar ruwa in bi shi, in jiƙa lakar, in cike inda ta tsage. Abin tashin hankalin shi ne, hano da ma yakan zubar da ganyensa kaf da rani. Ga bishiya tsaye tsirara, babu mai iya cewa barci take ko ta mutu. Kullum sai na tambaya, "Baba, ta mutu?" Kullum amsa ɗaya: "Ban sani ba, ɗiyata. Shahwa laka." Wata shida muna haka. Ni dai na san na sa itace a addu'a bayan salla, ban kuma gaya wa kowa ba don kada a yi mini dariya.

Ruwan farko ya sauka, na je, babu komai. Aka yi na biyu, marke ya yi kore, ciyawa ta fito a tsagar dutse, hanon nan shiru. Na fara haƙura. Asabar ta gaba na tarar Baba ya riga ni hawa, yana zaune a kan dutse. Ina gaishe shi sai ya ɗaga sanda ya nuna sama. A reshe ɗaya tak, daidai saitin yatsu ukun nan, wasu ’yan ganye jajaye-jajaye sun tsattsago. Na zauna daɓas a ƙasa na fashe da kuka, shi kuwa ya yi ta dariya har da tari.

"To, Sarkin Hwawa," ya ce, ashe har sunan ya kai masa, "gaya ma Malam ya taho da su ran Alhamis."

Da na sanar a aji, ihun da aka yi sai da hedimasta ya fito da bulala.

Yau shekaru sun ja. Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa, Malam ya yi ritaya ya koma garinsu. Ni ma koyarwa nake yi a Gusau, amma saboda ’yan bindiga babu mai gigin kai yara daji. Ɗalibaina a allo suka san hano, abin da Malam ya tsana ke nan. Iyakacin abin da nake iyawa shi ne in fitar da su gindin dalbejiyar makaranta in nuna musu gabas da yamma. In mota ta bi da ni ta Tsafe sai in yi ta leƙen dutsen har ya ɓace, kewa ta cika ni. An ce mini bishiyar tana nan da tabonta.

Abin da na koya shi ne, duk abin da za ka ɗiba a jikin mai rai, itace ne ko mutum, ka bar masa inda zai rayu. Kuma ba na manta cewa yatsu ukun nan ba ni na bar su ba, hannuna aka riƙe. Shi ya sa in na ga yaro ya ɗauko ɓarna, ba bulala nake fara nema ba, hannunsa nake fara kamawa.