Alamar Hanyar da Take Bin Inuwa

Akwai wata Talata a unguwar Khumra, can ƙasar waje, da har na mutu ba za ta fita a raina ba. Ƙarfe sha ɗaya na safe ne, mu uku: ni, da wani injiniya ɗan Kano, da wata budurwa da ta tashi a hannun mariƙiya. Mun yi watanni muna haɗa manhajar da za ta nuna wa yaran riƙo hanyar asibiti da wurin karɓar abinci ba tare da intanet ba, domin yawancinsu ba su da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, balle layin waya. Da yake na taɓa aikin rediyo, muryata aka naɗa tana kwatance. Lungunan ba su da suna, sai muka yi irin na gida: "In an ga tsohuwa mai gyaɗa, a yi dama, a wuce lungu uku."

Ranar haƙori ya kumbura wa budurwar kunci, asibitin kyauta kuwa da azahar yake rufewa. Injiniya ya ce ga gwaji ya zo har gida. Muka bi ta a baya da sharaɗin ba za mu ce uffan ba.

Ta ga tsohuwa, ta yi dama, ta ƙirga lungu uku. Sai ga mu a ƙofar garejin manyan motoci. Ta danna waya, muryata ta ce cikin natsuwa, "An iso. Allah ya sawwaƙe."

Ta dube ni, hannu a kunci. "Kawu, da wace sifana za su cire?"

Muka koma wurin tsohuwa. Injiniya ya ce, "Inna, ba a waccan kusurwar kike zama ba?"

"Da sassafe ke nan, ɗan nan. Inuwa nake bi. In kuwa 'yan baladiyya, ma'aikatan hukumar gari, suka zo kame, ko ni ban san inda nake ba. Wa ya ce ku sa ni a waya?"

Ta rufe tirenta, ta kama hannun yarinyar. "Yalla, mu je, bar waɗannan masu ilimin." Mun isa asibitin maigadi yana jan ƙofa, tsohuwa ta sa ƙafa ta tare, aka duba yarinyar.

Ranar na koyi cewa kafin ka ɗora aikinka a kan mutum, ka zauna ka tambaye shi yadda yake yininsa. Sati uku muka yi muna sake naɗar kwatancen da masallatai da tankunan ruwa.