Ganyen da Tsutsa ta Ci

Shekara ashirin da uku ke nan yana koyar da zane a ɗakin ƙarshe na makarantar, wanda ke kusa da famfo. Kafin nan allunan shaguna yake rubutawa, har yau kuma ba a raba farcensa da fenti. Ɗalibai suna kiransa Duba-Dai, don maganar ba ta barin bakinsa. Tsarinsa bai taɓa sauyawa ba. Zai ajiye tsohuwar fitila ko takalmin da dunduniyarsa ta cinye a kan tebur, ya ce kowa ya saƙale fensirinsa a kunne. Minti goma ba mai taɓa takarda, sai kallo.

Bana sakamakon kimiyya ya faɗi, shugaban makaranta ya ce za a karɓe awa biyun zane na ranar Laraba a ƙara wa kimiyya. In aka yi haka Duba-Dai ya rasa aji, sai tsaron ɗakin ajiya har ya yi ritaya.

Matarsa ta ce, "Malam, ka je ka yi musu bayani mana."

Ya ce, "Da wane bakin? Ni hannu aka ba ni."

Ranar taron malamai ya zauna a bakin ƙofa, ya haɗa hannuwa a tsakanin gwiwoyi. Shugaba ya karanta shawarar, ya dubi malamar kimiyya.

"Malama, kin samu ƙarin awa biyu."

"Ranka ya daɗe, ba na so."

Ta zube littattafan ɗalibai a kan tebur. Ta ce makon jiya ta raba wa 'yan aji biyu ganye, kowa ya zana wanda ke gabansa, kuma duk ganyen tsutsa ta ci. Yaran da aka sauyo daga wasu makarantu, waɗanda ba su taɓa shiga ajin zane ba, ganyen cikin littafi suka zana, sumul ba ko tabo. Sauran kuwa sun fitar da kowace huda. Wata yarinya har ƙwan tsutsar ta zana a bayan ganyen.

"Ni kaina ban ga ƙwan ba sai da na juya ganyen," in ji ta. "Ko awa goma kuka ba ni, hadda zan ƙara musu. Yaron da bai iya kallo ba, me zan koya masa a ɗakin gwaji?"

Malamin lissafi ya ɗaga hannu. "To a ba ni mana. Ni ba na mai da kyauta."

Aka kwashe da dariya. Shugaba bai yi ba, yana ta buɗe littattafan ɗaya bayan ɗaya, gilashi a kan karan hanci. Can ya rufe na ƙarshe.

"Laraba ta zauna yadda take. Sai batu na gaba."

Da aka tashi Duba-Dai ya tari malamar a baranda.

"'Yata, Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Baba, amma addu'a kaɗai ba za ta sallame ni ba. Hoton ƙwarangwal ɗin da ke bangon ɗakin gwaji ya koɗe. Kai za ka sake min shi."

"Ƙashi nawa ne a jikinsa?"

"Ɗari biyu da shida."

"Kai!" Ya dafe ƙeya yana dariya. "Ai da kin bari sun kai ni ɗakin ajiyar."